Yadda Ake Fita Daga Cacar Ƙwallo: Jagora Ga Wanda Ta Kama Da Iyalansa

A da ɗan caca sananne ne a unguwa. An san gindin bishiyar da ake karta, an san masu zaman wurin, uba kuma yana iya ce wa ɗansa kada ya kuskura ya sake ganinsa a can. Yanzu caca ta koma aljihu. Mutum yana zaune a shagonsa, ko yana jiran fasinja a kan babur, ko yana kwance cikin iyalinsa, yana buga ta a waya ba wanda ya sani. A ƙarshen 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, a watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar. Sai dai kwaɗon da aka sa wa shago ba ya hana Bet9ja ko SportyBet ko 1xBet buɗewa a waya da ƙarfe biyun dare.

Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, sun ce shaiɗan yana amfani da su don jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane. Yawancin waɗanda ta kama sun san ayar, wasu ma sun haddace ta tun suna islamiyya. Sun yi rantsuwa, sun goge manhaja, bayan kwana huɗu sun sake sauke ta. Ashe ba rashin sani ba ne matsalar, kuma niyya kaɗai ba ta wadatar. Abin da ke aiki shi ne a raba hannun mutum da kuɗi tun yana cikin natsuwa, kafin sha'awar ta taso. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su. Na yi magana da "kai" ne don maza suka fi yawa a ciki, amma tunda abin ya koma waya mata ma suna faɗawa, kuma matakan ɗaya ne.

Mataki na farko: ka gane inda kake

Akwai tambayoyi biyu da masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa suke fara yi. Ka taɓa jin cewa sai ka ƙara yawan kuɗin da kake sakawa kafin ka ji daɗin da kake ji a da? Ka taɓa yi wa wani naka ƙarya a kan yawan abin da ka buga? In ɗaya daga ciki amsarta e ce, a duba lamarin sosai.

Sauran alamomin su ne: ka yi yunƙurin dainawa ka kasa, ranka yana ɓaci kana faɗa da kowa in ba ka buga ba, kana sallah kana lissafin wasan yamma, kana bugawa don ka manta da damuwa, an cinye ka yau, gobe ka koma don ka rama, ka fara dogara da wasu su fitar da kai daga bashi, sana'arka, karatunka ko aurenka ya fara girgiza. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya jera alamomi 9 irin waɗannan, ya ce wanda ya haɗa 4 cikin shekara guda yana da cutar, kuma tun 2013 ya sa ta a babi ɗaya da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Wannan ba wanke laifi ba ne, alhakin kuɗin mutane yana nan a wuyanka. Amfaninsa shi ne ka san cewa abin yana da magani, kuma ba kai kaɗai ba ne.

Mataki na biyu: ka yi lissafi, na kamfani da naka

Nan zan ɗan daɗe, domin mutum ba ya barin abin da yake ganin wata rana zai fitar da shi daga talauci.

Ɗauki wasan da ɓangarori biyu suke kunnen doki, ko wannan ko wancan. Da adalci za a yi, wanda ya sa Naira 1,000 ya ci sai a ba shi 2,000. Kamfani ba ya ba da haka. Zai sa od ɗin kowane ɓangare, wato adadin da ake ninka kuɗin wanda ya ci da shi, a kamar 1.90. Mutum biyu suka sa dubu-dubu, ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100. Ko wa ya ci, ɗarin nan tasa ce. Kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma shi ba ya caca, kasuwanci yake yi. Kai ne mai cacar.

To mu nan ba wasa ɗaya ake bugawa ba, doguwar tikiti ake haɗawa, wato wasanni da yawa a tikiti ɗaya, sai duka sun zo ake ci. Kowane wasan da ka ƙara, kason kamfani yana hawa kan na baya. In a kowane wasa yana cire kashi 5, a tikiti mai wasa 10 abin da ke komawa hannun 'yan caca a jimlace kusan Naira 600 ne daga kowace 1,000. A mai wasa 20 bai kai 360 ba. Shi ya sa suke ƙara maka garaɓasa in ka tsawaita tikiti. Ba don suna ƙaunarka ba ne.

Sai maganar da kowane ɗan caca ya sani: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min." A ce ka zaɓi wasa 10, kowanne yana da damar zuwa kashi 70 cikin 100, wato ka iya zaɓe ƙwarai. Damar duka goman su zo ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, kusan sau ɗaya cikin 35. Damar tara su zo ɗaya ya ƙi kuwa ta kai kashi 12. Ke nan yankewar wasa ɗaya ta ninka cin tikitin fiye da sau huɗu. Ba kusa ka yi ba, ba kuma wani ne ya yi maka baki ba, haka lissafin yake. Amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar "saura ƙiris" tamkar rabin nasara, sai ta tura ka ka sake haɗa wata.

Wasan jirgin nan na Aviator da ƙwallon kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna sun fi haɗari, saboda sauri. Masu Aviator da kansu sun ce kashi 97 cikin 100 suke mayarwa. Kashi 3 kamar ba komai ba ne. Amma wanda ke sa 1,000 a kowane tashi, ya yi tashi 100 a dare ɗaya, kuɗin da ya juya 100,000 ne, matsakaiciyar asararsa 3,000, a daren da abin bai yi muni ba ke nan. Babu sanin ƙwallo a nan, babu dabara, na'ura ce ke fitar da sakamako. Masu sayar da "wasan da aka shirya" a Telegram da WhatsApp, da bokan da ke ba da lamba, tambaya ɗaya ta ishe su: in kun san sakamako, me kuke yi da dubu biyar ɗina?

Yanzu naka lissafin. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ko PalmPay, ka nemi bayanin shige da ficen kuɗi na wata shida. Samu littafi da biro. A shafi ɗaya rubuta duk abin da ka tura wa kamfanin caca, a ɗaya shafin duk abin da ka ciro ya shigo hannunka. Kada ka lissafa abin da ka "ci" ka sake zubawa, wannan bai taɓa zama naka ba. Ƙara da tsabar kuɗin da ka kai shago ko ka ba mai POS, gwargwadon abin da ka tuna. Ka cire wannan daga wancan. Mutum yana tuna ranar da ya ci dubu tamanin har da rigar da ke jikinsa, amma ɗari biyar-biyar da dubu bibbiyun da suka zurare ba ya riƙe su. Adadin da zai fito zai ba ka tsoro. Ka rubuta shi da manyan lambobi, kada ka yaga takardar.

Mataki na uku: ka haƙura da abin da ya tafi

Wannan ya fi kowane mataki wuya, kuma in ba a yi shi ba sauran ba sa tsayawa. Yawancin waɗanda suka nutse ba arziki suke nema ba yanzu. Cewa suke: "Ni dai in maido da kuɗina, daga nan na daina." Wannan jimlar ita ke mayar da asarar dubu hamsin ta zama ta miliyan. Mai neman ramawa yana sa kuɗi mai yawa, a od mai tsawo, cikin gaggawa, da kuɗin da ba nasa ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Kuɗin nan ba ajiya ba ne a wurin kamfani. Sun tafi. In za su dawo, ta hanyar sana'a za su dawo, sannu a hankali, ba ta ƙofar da suka fita ba. Ka faɗa da bakinka, ka rubuta a ƙasan adadin nan: "Na yafe wannan, ba zan bi shi ba." Kuma ka sani, ko da ka ci babba gobe ba za ka tsaya ba. Babban ci shi ya fi komai ɗaure mutum, don yana tabbatar masa da cewa abin yana yiwuwa.

Mataki na huɗu: ka faɗa wa mutum ɗaya

Caca a ɓoye take rayuwa. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙon sirri wanda kake jin nauyinsa: yayanka, matarka, kawunka, maigidanka a kasuwa, limamin unguwa, ko fasto in kai Kirista ne. Kada ya zama abokin da kuke haɗa tikiti tare, kada kuma ya zama mai saurin hannu ko mai saurin baki.

Ba sai ka yi doguwar shimfiɗa ba. Kana iya cewa: "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa. Na faɗa cacar ƙwallo, na yi ƙoƙarin bari na kasa. Ga abin da na rasa, ga bashin da ke kaina. Ba kuɗi na zo nema ba, so nake ka riƙe min kuɗina." Ka miƙa masa littafin. Ka faɗi bashin gaba ɗaya a zama ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a faɗi rabi a ɓoye rabi don kunya, to rabin da aka ɓoye shi zai mayar da kai, domin ba ka da hanyar biyansa sai caca. Ranar da ya fito kuma, yardar da aka fara ginawa ta rushe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mataki na biyar: toshe hanyoyi, a rana ɗaya

Ku zauna tare da mutumin nan ku yi waɗannan a zama guda, kada a bar wani sai gobe.

Fara da asusun caca. Goge manhaja ba ya rufe asusu. Ka cire ragowar kuɗin da ke ciki, ko nawa ne, kada ka ce bari ka buga na ban kwana. Sannan ka nemi sashen da manyan kamfanonin suke ajiyewa na taƙaita caca, inda mutum zai haramta wa kansa shiga. In ba ka gan shi ba, rubuta wa masu kula da abokan hulɗarsu cewa kana da matsalar caca, a rufe asusunka, a daina turo maka talla. Zaɓi wa'adi mafi tsawo da suke da shi. Ka ɗauki hoton saƙon da amsarsu. Za su iya yi maka tayin kyautar kuɗin bugawa don ka zauna, kada ka tsaya ciniki. Rufe asusu a kamfani ɗaya ba ya rufe na sauran, saboda haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har wanda ka buɗe da lambar ƙaninka.

Sai wayar. Akwai manhajojin da ke toshe shafukan caca: BetBlocker kyauta ce, Gamban ta kuɗi ce. Ka sa wa'adi mai tsawo. Ka fita daga duk zaurukan WhatsApp da Telegram da ake raba lambar tikiti, ka daina bin masu tallar caca a TikTok da Facebook, ka goge manhajar duba sakamakon wasanni. In ka ga duk da haka kana zagayewa, ajiye babbar wayar wurin yayanka na wata ɗaya ko biyu, ka riƙe ƙarama mai tocila. A ganina wannan ya fi kowace manhaja aiki, sai dai mutane ba sa so saboda ana tambayarsu ina wayarsu. Ka ce ka huta da ita ne, ba ƙarya ka yi ba.

Sai kuɗi, wanda shi ne jigo. Katin ATM ya koma hannun amintaccenka. Manhajar banki ta fita daga wayarka, lambar sirrin tura kuɗi a canja ta, shi ya riƙe. Ka lura da lambobin nan da ake dannawa a tura kuɗi ko da ƙaramar waya, su ma a canja musu lambar sirri. Alat ɗin shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayarsa. In albashi kake ɗauka, ranar da ya shigo a biya haya, a sayo abinci, a biya kuɗin makaranta da kason bashi, tun kafin dare. Kai kuma a riƙa ba ka na mota da na abinci kullum, tsaba. In ɗan kasuwa ne kai ko mai Keke Napep, cinikin rana ya kwana a hannun wani, ba a aljihunka ba. Wanda aikinsa riƙe kuɗin mutane ne, kamar mai POS, yaron shago ko uwar adashi, ya nemi a sauya masa aiki ko a sa wani ya riƙa rufe lissafi da shi kowace yamma. Da yawa daga nan suke wucewa ofishin 'yan sanda.

Za ka ji kamar an mai da kai yaro. Haka ne, na ɗan lokaci. Ku sa wa'adi, kamar wata shida, sannan a riƙa sakar maka kaɗan-kaɗan.

Mataki na shida: bashi

Rubuta kowa da abin da yake binka. Ka fara da amanar da ka taɓa da kuma bashin da ke hauhawa, irin na manhajojin ba da rance masu ɗora ruwa. Kada ka ci sabon bashi don biyan tsoho. Ka je wurin masu binka da ƙafarka, in da hali tare da babba, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa duk wata, ko kaɗan ne, ka kuma cika. Mutane sun fi haƙuri da wanda ya zo da kansa fiye da wanda ya kashe waya. In masu manhajar rance suka shiga kiran mutanen da ke wayarka suna ci maka mutunci, ka adana saƙonnin, ana kai ƙararsu hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Game da abin da ka taɓa ci a caca wanda har yanzu yake hannunka, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa yadda za ka rabu da shi.

Mataki na bakwai: lokacin da sha'awar ta taso

Za ta taso, kuma ka san lokutanta. Yammacin Asabar da Lahadi a kakar gasar Ingila daga Agusta zuwa Mayu, daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai, ƙarshen wata, ranar da aka ɓata maka rai a gida, ranar da mai bashi ya kira, da tsakar dare in barci ya ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ka tsara abin da za ka yi a waɗannan lokutan: ƙarin aiki, karatun magariba zuwa isha, buga ƙwallo da ƙafarka a fili, ziyarar 'yan uwa, kai yara wani wuri.

Sha'awa tana hawa ne ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta, ko ba a biya mata ba. Aikinka ka jinkirta. Ka ce wa kanka sai bayan rabin awa. Ka ajiye waya ka fita daga ɗakin, ka yi alwala, ka taka zuwa bakin titi, ka kira amintaccenka ka ce masa kai tsaye: "Yaya, abin ya motsa." Ka buɗe littafin nan ka dubi adadin. Sau da yawa kafin ka dawo ta lafa.

Gidan kallon ƙwallo fa? Ra'ayina shi ne a ƙaurace masa na 'yan watanni. Na san wannan yana da ciwo ga mai son Arsenal ko Madrid tun yana yaro, amma wurin da kowa ke riƙe da waya yana ihu kan bugun kwana da katin gargaɗi ba wurin mai jinya ba ne. Haka majalisar da hirarta ba ta wuce tikiti. Ba sai an yi faɗa ba, ka ce musu ka daina, kada a sake turo maka lamba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca an umarce shi ya yi sadaka, gayyatar kaɗai ke nan. Ka kuma yi hattara da canja wa cacar riga: cinikin kirifto na kasada da ake ninka riba da asara cikin minti, da tsare-tsaren ninka kuɗi irin MMM da ta durƙushe a 2016, ƙishirwa ɗaya suke kashewa.

Mataki na takwas: asibiti

In ka yi waɗannan ka ga kana komawa, ko barci ya ƙaurace maka, ko baƙin ciki ya yi maka nauyi, ko kana haɗawa da ƙwaya ko sholisho, lokacin ganin likita ya yi. Ba sai mutum ya haukace ake zuwa sashen ƙwaƙwalwa ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen. In sun yi maka nisa, fara da babban asibitin da ke kusa ka nemi a tura ka.

Ka gaya wa likita a fili cewa caca ce ta kawo ka, ka tafi da littafin da kuma amintaccenka. Babban maganin zama ne da masanin halayyar ɗan Adam mako-mako, ana warware tunanin da ke tura mutum, irin su "yau ranata ce" da "na daɗe ban ci ba, dole ta zo". In akwai ciwon damuwa a ƙasa, a yi maganinsa. Ka kuma faɗi duk magungunan da kake sha, domin wasu magungunan ciwon karkarwa na Fakinsin, da wani na ƙwaƙwalwa mai suna aripiprazole, an san suna iya tayar da jarabar caca ga wanda bai taɓa yi ba. Kada ka daina sha da kanka, likita ne zai canja. Mai jin Turanci yana iya shiga zaman ƙungiyar Gamblers Anonymous ta intanet, wadda aka kafa a Amurka a 1957, inda masu matsalar suke taimakon juna ba tare da bayyana cikakken suna ba.

Abu ɗaya ba ya jira. Tunanin kashe kai ya fi yawa a tsakanin waɗanda caca ta jefa cikin bashi. In ka fara jin gara ka mutu ka huta, ka faɗa wa wani yanzu, a daren nan, a kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 112. Bashi ana zama a tsara biyansa, komai yawansa.

Ga iyaye, mata da 'yan uwa

Alamar farko a wurinku yawanci ba caca ba ce. Cefane ne ke raguwa ba dalili, waya kullum a kife, wai an sace babur, wai albashi bai shigo ba, ɗankunnen zinare ya yi ƙafa, baƙuwar lamba tana kira tana cewa ɗanku ya ci bashi.

Kada ku tare shi a gaban yara ko a tsakiyar fushi. In ke matarsa ce, ki samu lokacin da yake natse ki faɗi abin da kika gani, ba abin da kike zargi ba: "Maigida, wata uku ke nan kuɗin makaranta ba ya cika, kuma na ga saƙon masu rance. Ina tare da kai, amma ka gaya min gaskiya." Zai iya musantawa karon farko. Ki bar ƙofa a buɗe, in ya ci gaba ki sa babban da yake jin maganarsa.

Babban kuskuren dangi shi ne a haɗa kuɗi a biya masa bashi a asirce don a rufa asiri, a sa shi ya dafa Alƙur'ani, a watse. Kun share masa fili ne kawai, masu ba da bashi kuma sun gane cewa gidan ana biya. In za ku taimaka, sai bayan an rufe asusu an karɓi kati, kuma ku biya mai bashin hannu da hannu, kada kuɗin ya bi ta wurinsa. Abinci da magani ku saya da kanku. Ke kuma ki killace naki: kuɗin adashinki, sarƙarki, takardun fili, lambar sirrin asusunki. Wannan ba cin amana ba ne, kare 'ya'yanki kike yi. In abin ya kai ga duka ko barazana, ki fita zuwa gida ki sanar da manya. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa doka ma ta hana a karɓi cacarsa, ku duba ko da lambar wani babba a gidan ya buɗe asusun.

Kada a kai shi gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a Rigasa da Daura, ɗaruruwan mutane cikin sarƙa da tabon duka, ya isa darasi. Addu'a da nasihar malami suna da gurbinsu, tare da asibiti, ba a madadinsa ba. In ya furta maganar mutuwa, ko da wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Wanda bai shirya bari ba, da wanda ya koma

Kamfanonin suna rubuta "a yi caca da hankali" a ƙasan tallarsu. Ni ban yarda akwai adadin da ya halatta ba, kuma wanda ya riga ya haɗa alamomin can na sama ragewa ba ta cika yi masa aiki ba. Amma in kana karanta wannan ka san gobe za ka buga, aƙalla ka rage ɓarnar: kada ka taɓa bashi, jari, amana ko kuɗin cefane, ka sa iyakar abin da za ka iya zubawa a cikin manhajar tun kafin ka fara, ka bar Aviator da ƙwallon kwamfuta gaba ɗaya, kada ka buga cikin fushi ko bayan sha biyun dare, in an cinye ka, ranar ta ƙare. Ka ci gaba da rubuta komai a littafi. Ranar da ka karya ɗaya daga cikin waɗannan, ka samu amsar tambayar mataki na farko.

Wanda ya daina ya sake zamewa kuma, haɗarin ba a tikitin farko yake ba, yana cikin cewa "tunda na riga na karya, bari in ƙarasa". Ka tsaya a nan. Cikin awa 24 ka gaya wa amintaccenka nawa ne ya tafi. Ku zauna ku gano ta ina kuɗin ya shigo hannunka, da wace waya ka buga, me ya faru a ranar kafin ka buga. In wani ne ya biya ka bashi a hannu, daga yau a riƙa biya ta wurin yayanka. In wayar aboki ka ara, a gaya wa abokin. In sabon kamfani ka samu, a rufe shi kamar sauran, a ƙara wa'adin riƙe katin, in kuma kana ganin likita ka faɗa masa a zama na gaba.